Yadda Raba-Gardama Ya Haɗa Kan Ƙasa

A cikin 'yan majalisar dokokin ƙasa kaf, babu wanda ya kai Mai Girma Raba-Gardama riƙon aƙida. Wasu aƙida ɗaya suke riƙewa har su tsufa da ita, saboda ƙaramar zuciya. Shi kuwa a zango ɗaya na majalisa ya riƙe wajen huɗu, kuma kowacce da hannu biyu ya riƙe ta, har zuwa ranar da ya sake ta.

Sunan jam'iyyarsa ma ya isa shaida: Jam'iyyar Tsayuwa Kan Aƙida. Jam'iyya ce mai haɗin kai irin wanda ba a taɓa gani ba. Ba ɓaraka, ba tsagi, ba mai yi wa shugaba zagon ƙasa, domin shugaban shi ne ɗan majalisarta ɗaya tilo. Idan za ta yi taron gaggawa, sai ya shiga mota ya ɗaga gilashi. Ba a taɓa tashi daga taron ba a cimma matsaya ba.

To, a ƙasar tasu a cikin majalisa ake ɗora gwamnati, a can kuma ake sauke ta. Ɓangaren da ya fi yawan kujeru shi ke fitar da Firaminista. Sai zaɓen da ya wuce ya zo da abin mamaki. Manyan jam'iyyun nan biyu kowacce ta tattaro ƙananan ƙawayenta, aka ƙirga, aka sake ƙirgawa, aka yi kunnen doki. Kujera ɗaya ce ta rage a tsakiya, kuma a kanta mutumin namu yake zaune, ya harɗe ƙafa yana kaɗa ta. Daga ranar 'yan jarida suka laƙaba masa Raba-Gardama, shi kuma ya sa aka rubuta sunan a bayan motarsa.

Makaminsa jimla ɗaya ce tak. Sai ya miƙe a zauren majalisa, ya gyara wuyan riga, ya jira shiru ya sauka, sannan ya ce, "Na janye goyon bayana." Da faɗar haka gwamnati ta rushe, ministoci su fara kwashe hotunan 'ya'yansu daga kan tebur. Ya kayar da gwamnatin farko saboda an zaunar da shi a sahu na biyu wajen buɗe wata gada. Ta biyun kuwa shi ya ɗora ta da hannunsa, ya rantse a gaban jama'a cewa mutuwa ce kawai za ta raba su. Ba a kai ga damina ba ya sauke ta, kuma har yau yana nan da ransa da lafiyarsa.

Wani ɗan jarida marar kunya ya taɓa tambayarsa dalilin yawan sauya sheƙa. Mai Girma ya dube shi da tausayi.

"Yaro, ni ban taɓa sauya sheƙa ba. Tun ranar da na shigo siyasa a wuri ɗaya nake tsaye. Ƙasar ce take jujjuyawa. Yau ta same ni a dama, gobe ta same ni a hagu. Laifina ne? Ka je ka tambayi ƙasar."

Sai dai duk wannan girma, akwai abu ɗaya da ke ci masa rai. Bai taɓa zama cikakken minista ba. An ba shi shugaban kwamiti, an ba shi ƙaramin minista na wata ma'aikata da ko direbansa bai san inda ofishinta yake ba. Shi kuwa Ma'aikatar Wutar Lantarki yake so, ita kaɗai. Kafin siyasa shagon ƙwan fitila da soket da waya yake da shi a bakin kasuwa, don haka a ganinsa duk ƙasar ba wanda ya san wuta kamarsa. Ga shi kuma bakinsa ya riga ya ja masa. Ya tsaya a kan mota a tsakiyar mazaɓarsa ya ce idan bai dawo musu a matsayin ministan wuta ba kafin zaɓe mai zuwa, kada wanda ya sake jefa masa ƙuri'a. Mutanen mazaɓar sun tafa sosai, kuma mutane ne marasa mantuwa. Zaɓen ya kusa. Ko ma'aikatar, ko komawa shago.

Ana cikin haka 'yan adawa suka gabatar da ƙudurin yanke ƙauna ga gwamnati ta uku, aka sa ranar ƙuri'a. Duk wanda Raba-Gardama ya bi, shi ke da ƙasa. A ranar da aka sanar ya kashe wayarsa, ya hau benen gidansa, ya kira matarsa.

Malama ce a makarantar sakandare, mace mai haƙuri da ido a buɗe. Ta shigo da jan biro a hannu, don takardun jarrabawar ɗalibanta take dubawa a teburin cin abinci.

"Malama, zauna ki ga yadda ake siyasa. Gobe gwamnati za ta aiko, 'yan adawa ma za su aiko. Duk wanda ya zo, ki kai shi falon ƙasa. Falo ɗaya. Kada ki raba su."

"Maigida, ba ka gudun su kaure da faɗa su fasa mini tebur?"

"Haka nake so. Tun ina shago na san wannan. Kaya ɗaya, mai saye biyu, ka bar su suna kallon juna, farashi da kansa yake tashi. Ni ba zan sauko ba. Ki ce jam'iyya tana zaman sirri."

Malama ta dubi jam'iyyar, tana kwance a kan gado da singileti tana sosa ciki. Ta ce to.

Falon nan an gina shi ne don wahalar da baƙo. Kujerun fata ne masu santsi, mutum yana zaune yana zamewa. A bango akwai hotunan maigidan yana gaisawa da firaministoci uku, kowanne da murmushi iri ɗaya. Babbar hikimar kuwa tana jikin bango daga ƙasa. Da hannunsa ya kashe duk soket ɗin falon, ya bar ɗaya tak a gefen doguwar kujera. A lissafinsa, ɗan siyasar da cajin wayarsa ke ƙarewa hankalinsa tashi yake yi, wanda hankalinsa ya tashi kuwa komai aka nema zai bayar.

Da safe suka iso. Gwamnati ta aiko Lauya, dattijo mai tabarau da sanyin murya. 'Yan adawa suka aiko Likita, likitan haƙori ne kafin ya shiga siyasa, ƙato mai saurin fushi. Duk majalisa ta san ba sa ga-maciji, tun ranar da Likita ya jefi Lauya da gorar ruwa ana tsakiyar muhawarar kasafin kuɗi, tabarau ya fashe. Lauya ya zauna a wannan ƙarshen falo, Likita ya zauna a wancan. Malama ta kawo shayi da biskit, kowa ya ce na gode ba tare da ya ɗaga kai ba. Haka suka wuni, sai ƙarar agogo.

Raba-Gardama ya ji rahoton nan ya yi dariya har da buga katifa. Ya tashi ya tsaya gaban madubi ya ɗaga hannun dama, ya fara gwajin rantsuwar kama aiki. Ya gwada da murya mai kauri, ya gwada da mai rawa kamar hawaye na shirin zubowa, ya zaɓi ta biyun.

Washegari suka dawo. Wajen hantsi wayar Lauya ta fara kukan caji, ga shi ya manta da cajarsa a ofis. Ya zagaya falon yana leƙa bayan kujeru, har ya tarar soket ɗaya ne ke aiki, kuma Likita ya riga ya kafa tasa a ciki ya zauna a gefenta. Lauya ya tsaya. Likita ya dube shi, ya dubi wayar da ke mutuwa, ya yi tsaki, ya zare tasa ya miƙa masa igiyar. Igiyar gajera ce. Dole Lauya ya zauna a kan doguwar kujerar, kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya fasa masa tabarau.

Da azahar Malama ta hau bene.

"Maigida, na ga abin da ban gane ba. Lauya ya ɗaga kai ya wangale baki, Likita yana haska masa da fitilar waya. Wai haƙorinsa na turmi na hagu ne ke damunsa tun makon jiya."

"Kin gani ko? Tunanina ya sauka masa a haƙori. Gwamnati ta karaya."

"Kuma na ji suna hira. Lauya ya ce ka taɓa dafa ƙirjinka ka ce masa shi ɗan'uwanka ne na jini. Likita ya ce shi ma haka ka ce masa, a mako ɗaya, har ƙirjin ma wuri ɗaya ka dafa."

"To ƙarya na yi? Duk ɗan ƙasa ɗan'uwana ne."

Suna cikin maganar sai dariya ta taso daga ƙasa, irin wadda mutum ke yi har ya riƙe ciki. Mai Girma ya kasa kunne, ya gyaɗa kai irin na masana. Ya ce wannan dariyar yaƙe ce, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa tsoronsa. Ya umarci Malama ta ƙara musu shayi, kuma ta ce zaman sirrin jam'iyya ya yi zafi, an kasa shawo kan wasu 'yan tsiraru.

Abin da ake yi wa dariya a ƙasa kuwa shi ne wani ɗan lissafi da ya faɗo wa Likita yana goge hannu. Shekara da shekaru jam'iyyunsu biyu suna zuwa gidan nan suna zamewa a kan kujerar fata saboda ƙuri'a ɗaya. Idan su biyun suka haɗu, ƙuri'a ɗayan nan ta zama me? Ba wanda ya taɓa yin wannan tambayar, domin ba a taɓa samun mai ƙarfin halin da ya kulle su a ɗaki ɗaya ya hana su abin yi ba. Sai da ƙasa ta samu gwarzo irin Raba-Gardama.

Ranar jajibirin ƙuri'a layin gidan ya cika da motoci. Mai Girma ya ɗaga gefen labule yana leƙe. Ga shugabannin kwamitoci, ga ƙananan ƙawaye na dama da na hagu. Can da rana tsaka sai ga motar Firaminista da kanta, bayanta kuma ta Madugun 'yan adawa. Mutumin namu ya saki labulen, ya dafa bango, idonsa ya kawo ruwa don daɗi.

"Malama! Zo ki gani. Ƙasa ta zo ƙofata da ƙafarta. Ki kira yara a waya ki gaya musu, su san ko waye ubansu."

Malama ta hau da takardun ɗalibanta rungume a ƙirji, don an roƙe ta ta ba da teburin cin abinci. An jawo shi tsakiyar falo, an kewaye shi. Ta ajiye takardun a kan gado, ta rufe ƙofa. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba. Tausayinsa ne ya kama ta, domin ta san shi tun yana hawa tsani yana ɗaura wa mutane fitila, kuma ta san idan ya faɗo daga nan ba ƙaramar faɗuwa zai yi ba.

"Baban yara, ka saurare ni. Shekaranjiya duk shigar da na yi sai sun tambaye ni ko ka kusa saukowa. Jiya sau ɗaya suka tambaya. Yau tun safe nake kai da kawowa, ko mutum ɗaya bai kama sunanka ba. Don Allah ka sa riga ka sauka."

"Babban mutum ai ba a kama sunansa a taro. Ma'aikatu suke jerawa, kowane ɓangare yana ƙara mini a kan na ɗan'uwansa. Ke kin san makaranta, siyasa kuwa ki bar wa masu ita."

"To Allah ya sa."

Da ta fita, sai ya ji tafi daga ƙasa, tafi mai tsawo. Gaskiya ya ji tsoro, irin wanda bai ji ba tun ranar ƙirga ƙuri'unsa na farko. Ya zura babbar riga, ya fito har bakin matakala, ya sa ƙafa ɗaya a kan ta farko. Sai kuma ya tuna ko shi waye. Wanda ya fara saukowa shi ya karya farashi. Ya janye ƙafar a hankali, ya koma ɗaki ya yanke shawara, da amincewar dukkan 'yan jam'iyya, cewa sai gobe a zauren majalisa ƙasa za ta ji bakinsa.

Kafin rana ta faɗi baƙin suka watse. Firaminista da Madugu suka fito tare suna yi wa Malama godiya, Lauya da Likita kuwa mota ɗaya suka shiga.

Ranar ƙuri'a Mai Girma ya makara da gangan, wayarsa har yanzu a kashe. A harabar majalisa 'yan jarida ba su rugo kansa ba kamar yadda suka saba. Ya fahimce su, kwarjini ne ya yi musu yawa. Ya tura ƙofar zauren da hannu biyu.

A zauren nan gwamnati a dama take zama, 'yan adawa a hagu, da fili a tsakani. Yau dama ta cika ta batse. An matsu a kan benci kamar motar haya, har an shigo da kujerun roba an jera a gefe. Hagu kuwa wayam, ba kowa, sai fankokin sama suna ta juyawa a kan benci marasa mutane. Firaminista yana tsaye yana jawabi, Madugun 'yan adawa yana zaune a gefensa yana gyaɗa kai. An janye ƙudurin yanke ƙauna. An kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa.

Firaminista ya hango shi, fuskarsa ta washe.

"Ga shi nan ma ya shigo. Ya 'yan majalisa, wannan bawan Allah ya ba mu falonsa, ya ba mu teburinsa, sannan ya yi mana babban karamcin da ya fi duka, ya ƙi saukowa. Ba don shi ba da ba mu zauna da juna ba. A tafa masa."

Zaure ya ɗauki tafi. Raba-Gardama ya tsaya a tsakiyar fili ya rusuna dama, ya rusuna hagu inda ba kowa, ya dafa ƙirji. Ya ci gaba da tsayuwa, domin an fara kiran sunayen ministoci kuma ba ya son a kira shi yana zaune. Aka kira na kuɗi. Aka kira na tsaro, na lafiya, na noma. Lauya ya samu shari'a. Da aka zo kan wutar lantarki mutumin namu ya gyara wuyan riga, ya ɗaga hannun dama rabi.

Aka kira Likita.

Likitan haƙori! Mutumin da bai san bambancin jar waya da baƙa ba. Raba-Gardama ya ji zauren yana juya masa. Ya jira ko akwai ƙananan ministoci. Akwai su, har da na ma'aikatar nan da ba a san ofishinta ba, kuma ita ma an ba wani.

Duk da haka bai karaya ba, don gogagge ne. Ya san inda aka fi yawa nan gaskiya take. Ya nufi dama da murmushinsa na hoto, ya bi sahu-sahu yana cewa, "Ɗan matsa mini, ɗan'uwa. Ɗan gyara kaɗan." Ba wanda ya matsa. Ba ƙeta ba ce, wurin ne babu. Wani ma ya ɗora jakarsa a kan cinya don ya nuna masa iyakar ƙoƙarinsa ke nan. Daga ƙarshe jami'in tsaron zaure ya zo cikin ladabi ya raka shi hagu, ya ce ya zaɓi duk inda ya yi masa.

Ya zauna shi kaɗai a benci na gaba. Ya tuna mutanen mazaɓarsa, ya tuna shagon bakin kasuwa, zuciyarsa ta tafasa. Saura abu ɗaya, abin da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya miƙe. Kakakin majalisa, wata dattijuwa da ta ga gwamnatoci biyu sun faɗi a gabanta ta dalilin wannan tsayuwar, ta ba shi dama.

"Ya Kakaki, ya 'yan majalisa, ya al'ummar ƙasa! Tarihi yana kallonmu. Ni ne na ɗora, ni ne na sauke. Jam'iyyar Tsayuwa Kan Aƙida ta yi zama, ta yi nazari, ta auna wannan haɗaka ta 'yan son kujera, ta same ta ba aƙida a cikinta ko ta ƙwayar zarra. Saboda haka, da zuciya mai nauyi, da sunan talakan ƙasar nan..."

Ya dakata ya jira shiru ya sauka. Shirun bai sauko ba. Ana ta gaisawa da sababbin ministoci, wani yana tambayar Likita maganin dasashi. Ya ɗaga murya har ta fashe.

"Na janye goyon bayana!"

Kakaki ta ɗago kai daga takardar da take dubawa.

"Majalisa ta ji. Akawu, a rubuta." Ta juya shafi, sai kuma ta sake dubansa ta saman tabarau. "Af, Mai Girma, tunda kana tsaye. Kai kaɗai ne a wancan ɓangaren, ga fankoki duk suna ta aiki a banza. Makunnin yana bayanka. Taimaka ka kashe su, ka bar ta kanka."

Ya juya. Makunnai ne jere a bango, irin waɗanda ya sayar da dubunsu. Ba sai an nuna masa ba, hannunsa ya san wanne ne na wacce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙat, ƙat, ƙat, ya bar ta kansa tana juyawa.

Iyakar abin da ya taɓa yi wa ƙasa ke nan a harkar wutar lantarki, kuma a faɗi gaskiya, ya yi shi da ƙwarewa.